Motar da Aka Ce Tana Kama Ɓarawo

Ku yaran yanzu, in an kawo muku mota mai mutuwa a hanya, sai ku jona mata na'ura ku tsaya kuna kallon gilashi. In na'urar ta yi shiru, ku ma kun yi shiru. Amma in na zo wucewa da sandata sai in ji kuna cewa ai kanikancin zamanin da sauƙi gare shi, ƙarfe ne kawai da waya uku. To ku gyara zama. Wayoyin nan uku na ga sun zaunar da manyan direbobi a bakin titi sun rafka tagumi, kuma mu ne ake aikowa a kira.

Na koyi aiki a hannun maigidana Malam Tanko a Kurmin Mashi, lokacin garejin duka bai wuce inuwar mangwaro da rami ɗaya ba. Kayan aikinmu akwatin katako guda ya ɗauke su: sifanu, sukudireba, filaya, guduma, ɗan ƙwan fitila mai waya da muke gwada wuta da shi, sai guntun tiyo na zuƙo mai. Wanda bai taɓa haɗiyar fetur ba, bai fara koyon aiki ba tukuna. Na daɗe ina wanke notuna a cikin kananzir kafin a yarda in riƙe sifana, kuma ranar da na fara ɗaure noti da ƙarfin tsiya har ya tsinke, sai da ƙeyata ta gaya mini. Malam Tanko ba ya yawan magana, amma yana da doka ɗaya da ba a taka masa. In an kawo mota mai mutuwa tana cikin tafiya, ba a buɗe bonet sai an shiga an yi tafiya da direbanta. Yakan ce, "Mota a tsaye ba ta faɗin ciwonta. Ka shiga ku tafi, ka kasa kunne, kuma ka lura da abin da direba yake yi in ta mutu."

A wurinsa na koyi cewa mutuwar mota iri-iri ce. In wuta ce ta ɗauke, farat ɗaya take mutuwa, babu ko sallama. Sai ka taɓa kwayil mai ba fulogi wuta, in ya yi zafin da hannu ba ya zama a kansa, ka samu mutuminka. Ka naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma ka lallaɓa zuwa gida. In kwantak ne ya ƙone, wato 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta suna yanke ta, ka goge shi da samfefa, ka gwada tazararsa da kwalin sigari. In kuwa mai ne bai isa ba, ba ta mutuwa da sauri. Za ta fara fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta ɗan farfaɗo, ta sake shaƙewa, sannan ta gangara gefen hanya. Kunnenka da tafin ƙafarka su ne na'urarka.

Shekarar fari, da ruwan sama ya ƙi sauka, ita ce ta gama gasa ni. Malam Tanko ya riga ya koma garinsu saboda ciwon ƙafa, ya bar mini akwatin da inuwar. Masu motocin hatsi suka jingine su a kan duwatsu don babu abin ɗaukowa, wanda kuma ya kawo gyara ba ya son jin an ce a sayi sabon abu. Mukan wuni ba a kira mu ba. A shekarar na iya yanka gasket mai hana inji yoyo daga kwali, na iya farke famfon mai in sa masa sabuwar fata, na iya haɗa kafireto biyu matattu su ba ni rayayye guda. Abokan aikina da yawa suka watse, wasu suka shiga masaƙa a Kakuri. Ni na zauna, kuma ban yi da-na-sani ba, don a zaman ne sunana ya fara fita daga Kurmin Mashi.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne bayan farin ya wuce, a wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Badarawa nake zaune lokacin. A unguwarmu akwai Hajiya Rabi, dattijuwa mai sana'ar hatsi da itace, wadda mijinta ma'aikacin gwamnati ya rasu ya bar mata tsohuwar akori-kura. Direban motar shi ne Baba Iro. Shi ya tuƙa marigayin tun ana bin hannun hagu a titi, kuma da aka koma hannun dama shi ya koya wa rabin direbobin unguwar yadda za su shiga shatale-tale ba su kashe kansu ba. Dattijo ne mai tsabta, kunnensa ya ɗan yi nauyi saboda shekarun da ya yi a kan manyan motoci. A masallacin unguwa yana da wurinsa a sahun farko, kusa da taga, kowa ya san ba a zama masa.

Hajiya tana da ƙane, Alhaji Sule, mutumin da bai yarda akwai direba mai amana a duniya ba. Shi ya yi ta hura mata kunne cewa motar tana shan mai fiye da ƙima, kuma ai an san halin direbobi da tiyo. Tsohuwar mota dole ta sha mai, amma wa ya tambaye mu? Da rani Hajiya ta karɓo layar tsarin ɓarayi, aka kira baduku ya ɗinke ta a kan murfin tanki. Ya kuwa yi aiki mai kyau, jar fata ya lulluɓe murfin da ita gaba ɗaya, har da ɗan ado a gefe. Baba Iro ya san don wa aka yi, ya haɗiye ya ci gaba da tuƙinsa.

Motar ta ci gaba da zuwa Katabu tana dawowa lafiya, har ruwa ya sauka. Daga nan ta fara mutuwa a hanya. Wata rana ta kai Rigacikun, wata rana ko Kawo ba ta gama wucewa. In ta huta sai ta tashi, ta yi gaba, ta sake mutuwa. Ranar da aka cika mata tanki kuma ta fi saurin yi. An kai ta wurin makanikai biyu kafin ni, kuma ba na raina su, sun yi abin da ya kamata: ɗaya ya canza kwayil, ɗaya ya wanke kafireto ya hure bututun mai. A gareji tana tashi lafiya lau, shi ya sa kowa yake rantsuwa ya gama da ita.

Unguwa kuwa ta riga ta gama nata binciken. Aka ce laya ce ta kama ɓarawo, motar ta ƙi tafiya da shi. Masu wucewa a bas suka ba da shaidar sun ga Baba Iro a bakin hanya ya buɗe tanki yana zura wani abu. Aka ce ga shi ma ranar da aka cika tanki ta fi mutuwa, don ranar ce yake ɗiba. Magana ta kai ga yara suna bin bayan motar suna waƙa. Sai muka daina ganin Baba Iro a masallacinmu. Ashe can wata unguwa yake tafiya salla inda ba a san shi ba. Hajiya kuma ta ce in motar ta sake zubar mata da kaya a hanya, za ta karɓi makullinta.

Wata rana da sassafe Baba Iro ya zo mini gareji, ruwa ya ɗauke ke nan. Ya gaishe ni kamar ni ne babba, abin da ya sa na ji nauyi.

Ya ce, "Haruna, ba don aikin na zo ba. In Hajiya ta karɓi makulli, Allah na nan. Amma ina da 'ya'ya mata a gidajen mazajensu a unguwar nan. Ba na son in mutu ana ce musu 'ya'yan wanda laya ta kama."

Na ce, "Baba, shiga mu tafi Katabu."

Ya ce, "Ba za ka buɗe ka duba ba?"

Na ce, "An buɗe ta ai har sau biyu. Yau tafiya za mu yi."

Tuƙinsa ma abin kallo ne. Giya yake sawa ba ka jin ƙara, rami kuma tun daga nesa yake kauce masa. Muka wuce Kawo tana tafiya sumul. Muna dosar Rigacikun na ji ta fara fizga. Ya taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta fasa. Tun kafin ta tsaya na san ba wuta ba ce, amma ban yarda da zato ba, na zare wayar fulogi na gwada a jikin inji, wuta shuɗiya tas. Na cire tiyon da ke shiga kafireto na ce ya murza makulli. Famfo yana aiki, amma man ɗigo-ɗigo yake fitowa. Ina nan ina tunanin ko datti ne a tanki, sai na ga Baba Iro ya ɗauko wani ɗan kara daga bayan kujera ya nufi gefen mota. Na tuna dokar maigidana, na ajiye sifana na bi shi.

Yana murɗa murfin, na ji tankin ya ja iska, fuuu, har ƙarfen ya yi ɗan ƙara yana komawa daidai. Shi bai ji komai ba. Ya zura karansa ya zaro, ya nuna mini.

"Ka gani, mai na nan. Kullum ta mutu sai na duba, don kar a ce ya ƙare a hannuna. In na duba na rufe, ta ɗan huta, sai ta tashi."

Na karɓi murfin na juya shi. Fatar ta sha ruwa ta kumbura, ta manne ko'ina. Murfin tankin motocin da yana da ɗan rami, tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga, ta nan iska ke bi ta maye gurbin man da inji ya sha. Da rani fatar a bushe take, iska tana samun hanya ta bakin ɗinki. Da ta jiƙe sai hanyar ta toshe, famfo ya yi ta ja har ya gaji. In tanki a cike yake, iskar da ke ciki kaɗan ce, shi ya sa take saurin shaƙewa. Ashe buɗewar da ake cewa ta sata, ita ce take tayar da motar, shi kansa bai sani ba.

Na sa murfin a aljihu, na ɗaure bakin tankin da tsumma. Muka je Katabu muka ɗauko itace, muka dawo har Kurmin Mashi ko tari ba ta yi ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauko basilla na ce bari in huda fatar a wuce wurin.

Baba Iro ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kar ka taɓa. In ka huda ta yi lafiya, cewa za a yi ɓarawo ya tuba, laya ta sake shi. In ka cire kuma, cewa za a yi na haɗa baki da kai mun kashe laya."

Gaskiyarsa ce. Gyaran mota ya ƙare tun a Rigacikun, amma abin da ya kawo shi bai gyaru ba. Na mayar da murfin yadda yake, fata da laya da komai, na ce ya je ya sauke itace ya bar mini sauran.

Da la'asar na yi sallama a zauren Hajiya. Ta fito da carbinta, Alhaji Sule yana gefe a kan tabarma. Kun san akwai maganar da in ka faɗe ta a karkace ka ɓata aikinka da bakinka. Da na ce laya ce ta hana mota tafiya, na gaskata 'yan unguwa ke nan. Da na ce laya ba ta da amfani, na taɓa malamin da ya rubuta, ni kuwa ban isa ba. Don haka ban ambace ta ba sam.

Na ce, "Ranki ya daɗe, na ga alamar ciwon, amma gani ya kori ji. Ina roƙon alfarma gobe a cika tanki, ki shiga da kanki. Alhaji ya tuƙa, tunda ya iya. Baba Iro ya zauna a garejina, ko sitiyarin kar ya taɓa."

Alhaji Sule ya yi dariya ya ce, "Yaya, ki yarda. Ni na san in ba ya ciki har Zariya za ta kai mu."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam Haruna, ka san ni ba yarinya ba ce da za a ɗauka yawon banza a ruwa."

Na ce, "In ya zama yawon banza, Hajiya, kar ki sake amsa gaisuwata."

Allah ya taimake ni aka wayi gari da ruwa. Suka shiga gaba ita da ƙanenta, ni na hau baya na rufa da buhu, yayyafi yana dukana. Duk hanya idona yana kan jar fatar nan, ina ganin yadda take shan ruwa. Muka wuce Kawo, Alhaji Sule har yana miƙo hannu ta taga yana yi mini alamar ka gani ko. Na ce a raina, ka dai ci gaba. Ba mu yi nisa ba ta fara fizga. Ya taka, ya sauya giya, ya sake takawa. Ta gangara gefen wata gonar masara ta yi tsit. Ya murza makulli har batir ya fara kasala.

Na diro na tsaya a bakin taga. Na leƙa ciki. Can Hajiya ta juya ta dubi ƙanenta sama da ƙasa ta ce, "To Sule, kai kuma me ka ɗiba?"

Alhaji Sule sai gyara hula yake yi.

Na ce, "Hajiya, in ba damuwa ki sauko. Da hannunki nake so ki buɗe murfin nan, ki kawo kunnenki kusa."

Ta sauko tana tattare mayafi. Ta murɗa. Tankin ya ja numfashin nan nasa, har ta ɗan ja da baya. Na ce wa Alhaji ya jira kaɗan ya murza. Bugu na biyu ta tashi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, in za ki zuba madarar gwangwani a shayi, huda nawa kike yi?"

Ta ce, "Biyu mana. In ɗaya ce ai ba ta zuba."

Na nuna mata inda ramin yake a ƙarƙashin fatar, na ce, "To ga huda ta biyu, fata ta rufe ta. Abin da ke rubuce a ciki ba ni da iliminsa, ba kuma shi na zo yi wa magana ba. Fatar ce in ta jiƙe take shaƙe tanki. Ko limamin Juma'a ne ya tuƙa, a nan za ta tsaya. In kin yarda in farke ɗinkin, in rataye miki layar a ciki kusa da madubi, inda ruwa ba ya zuwa."

Ta daɗe tana juya murfin a hannunta, ruwa yana sauka a kanmu. Sannan ta ce in ba ta reza. Da kanta ta bi ɗinkin ta farke, ta ƙulle layar a bakin mayafinta.

Ta ce, "Ba sai an rataye ba. Don ɓarawo aka yi ta, babu shi a motar nan."

Da muka koma gareji, Baba Iro yana zaune a kan benci inda muka bar shi, hannuwansa a kan gwiwa. Makanikan maƙwabta da masu jiran gyara duk suna nan. Hajiya ba ta jira an watse ba. Ta karɓi makulli daga hannun ƙanenta, ta taka har gabansa, ta ɗaga murya yadda kunnensa zai ji.

"Malam Iro, ka riƙe amanar mai gidan nan yana raye, ka riƙe bayan ransa, ni kuma na saka maka da zato. Ka yafe mini don Allah. Ga makullinka, ka kai ni gida."

Ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya."

Alhaji Sule ya nufi ƙofar gaba, ta ce masa, "A'a, baya za ka hau. Kuma ta bakin masallaci za mu bi, a hankali." Haka suka shiga Badarawa, Baba Iro a kan sitiyari, Hajiya a gefensa, Alhaji a baya a kan jiƙaƙƙen buhuna. In faɗi gaskiya, mutumin bai yi taurin kai ba. Da bakinsa ya ba mutanen ƙofar masallaci labarin yadda ta mutu a hannunsa, har ana yi masa dariya yana tayawa.

Na yi gyare-gyaren da suka fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Na sauke injin babbar mota da igiya a reshen mangwaro, na mayar ya tashi bugu ɗaya. Amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wannan nake faɗa, alhali ko noti ɗaya ban canza ba. Motocinku na yanzu ba su da wannan ramin a murfi, na sani, kar wani ya yi mini gyara. Abin da nake so ku ɗauka shi ne ku riƙa shiga mota da direbanta, ku ji me ya kawo shi, don wani lokacin ba mutuwar motar ce ta fi damunsa ba.

Ranar da aka mayar masa da makulli, da magariba na ɗan makara, sai da aka ta da salla na shiga, na samu wuri a sahun baya. Da aka sallame na ɗaga kai. Baba Iro yana sahun farko kusa da taga, yana jan carbinsa, mutane suna bi ɗaya bayan ɗaya suna miƙa masa hannu.